RA'AYI: An bar jaki ana dukan taiki a kan kafireta

Duk wanda ke bin hanyar Nyanya zuwa AYA da safe ya saba da ganin tsohuwar mota a gefen titi a hawan Kugbo, murfin inji a ɗage, mai ita sanye da kaftani mai guga ya sunkuya yana leƙe, katin shaidar ofis na lilo a wuyansa. Kafin ya ɗago kai, wani mai wucewa ya riga ya yanke hukunci: "Oga, kafireta ce." Haka bakaniken da za a kira zai ce tun bai taɓa motar ba. Haka shi ma mai motar zai shaida wa shugabansa idan ya isa ofis a makare.

Na daɗe ina ganin cewa a cikin kayan injin mota babu wanda ake ɗora wa laifin da bai aikata ba kamar kafireta, kuma wannan saurin zargi yana cin albashin ƙananan ma'aikata a lokacin da albashin ba ya kai su tsakiyar wata. Fetur yana da hanya guda da yake bi daga tanki zuwa inji, kafireta kuwa ita ce zangon ƙarshe a kan hanyar. Wanda ya fara bincike daga ƙarshe yana iya kashe kuɗin gyara sau uku bai taɓa inda ciwon yake ba.

Wani zai ce wa ya damu da kafireta a zamanin da motoci ke tafiya da kwamfuta? Amsar tana kan titunan Kubwa, Suleja, Mararaba da Lugbe. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a Dandalin Eagle. Cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Yuli ta kai naira 617, a Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. A wannan farashi, lita 50 ta lashe fiye da kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024. A Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke ƙiyastawa a kusan naira 460 ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Motar tokunbo ta fi ƙarfin ma'aikaci mai matsakaicin matsayi. Wanda ke da tsohuwar Fijo 504 ko 505, ko Starlet, ko Golf ta da, ya gane cewa shi da ita sai dai a ci gaba da haƙuri da juna.

Ni ma ina cikin wannan sahu. Motar da nake hawa 504 ce haɗin Kaduna, daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975. Mahaifina ya saye ta lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus ɗin ma'aikata zuwa kuɗi daga 2003, aka sayar da motocin gwamnati masu yawa. Bara ta fara wata ɗabi'a mai ban haushi. Takan tashi lafiya, ta yi silo lafiya, ta yi tafiya a miƙaƙƙen titi lafiya, amma da na taka totur a hawa sai ta fara shiɗewa ta mutu. In na jira minti biyar sai ta tashi kamar ba ita ba. A gareji na farko aka kwance kafireta aka wanke. A na biyu aka sauya kayan cikinta. A na uku aka ce ta gama yayi, aka ɗaura mini wata ta hannu. Kusan rabin albashina ya tafi, motar kuwa tana nan da halinta.

Wani dattijon bakanike da abokin aikina ya haɗa ni da shi ya saurari labarin har ƙarshe bai taɓa sifana ba. Sannan ya ce, "Ɗana, motar da ke silo lafiya ta mutu a hawa, yunwa take ji. Bakinta lafiya lau, abincin ne ba ya isowa." Ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, bai yi minti goma ba ya fito da guntun tiyo da bai kai tsawon tafin hannu ba, wanda ke haɗa tanki da bututun ƙarfe. Ya lanƙwasa shi a gabana, tsagu suka bayyana kamar kaushin ƙafa a lokacin hunturu. Tiyon ba ya ɗigar da fetur ko kaɗan, shi ya sa babu wanda ya kula da shi. Iska yake shaƙa. Kuɗin sabo bai kai na abincin rana ba.

Domin a gane abin da dattijon ya gani, sai a san aikin kafireta. Ba ta jawo fetur daga tanki, kawo mata ake yi. A jikinta akwai ɗan ƙoƙo da fetur ke taruwa, a cikinsa akwai abin da kanikawa ke kira fulot, mai yawo a saman fetur kamar ƙwallon da ke cikin tankin ruwan saman gida. In ƙoƙon ya cika, fulot ya taso ya tura allura ta toshe ƙofa. In ya ragu, ƙofa ta buɗe. Iskar da inji ke zuƙa tana ratsa wani matsattsen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, ta fizgo fetur ta ƙananan ramukan da ake kira jet, su gauraya. Gaurayar da ta dace ita ce kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. A silo, inji kaɗan yake sha, don haka ko da fetur na zuwa a ɗige ƙoƙon zai cika. A hawa ko a gudu, inji yana shanye abin da ke cikin ƙoƙon fiye da yadda ake zubowa, sai ya ƙafe, motar ta mutu. Wannan alama kaɗai ta isa ta mayar da hankalin mai bincike baya, zuwa tanki da tiyo da filta da famfo.

Kafin ma a bi sawun fetur, akwai tambayar farko: matsalar ta fetur ce ko ta wuta? Koyil da ya gaji, kwantak da ya cinye, ko fulogi da ya mutu duk suna iya sa mota shiɗewa irin wadda ake ɗora wa kafireta. Gwajin ba shi da wahala. A kashe inji, a cire gidan matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireta da tocila, a taka totur sau biyu. Yawancin kafiretoci suna da ɗan famfo da ke tsartuwar fetur idan an taka. In an ga tsartuwa mai ƙarfi, akwai fetur a ƙoƙo, sai a duba ɓangaren wuta. In babu, ƙoƙon a bushe yake, ko kuma ɗan famfon ne ya lalace. Amfanin gwajin ya fi yawa idan an yi shi nan take a inda motar ta mutu, domin bayan an ja ta zuwa gareji an yi ta murza makulli, ƙoƙon ya sake cika, shaidar ta ɓace.

Idan ta tabbata fetur ba ya isowa, tanki ne farkon zango. Gejin tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne, kuma ba abin kunya ba ne a fara tabbatar da cewa akwai fetur a ciki. Bayan haka sai numfashin tanki. Yayin da fetur ke raguwa dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, ta ɗan rami a marfi ko ta wani siririn tiyo. In ƙura ko gidan zanzaro ya toshe wannan kafa, ko an sauya marfi da wanda ba nasa ba, famfo zai yi ta ja har ya gaza. Alamarsa ita ce motar ta mutu bayan tafiyar wasu kilomitoci, in an buɗe marfi a ji tanki ya shaƙi iska da ƙara, sannan ta tashi. Akwai kuma tsatsa da ruwa. Tsadar fetur ta sa yawancinmu sayen lita biyar ko goma, tanki ya wuni kusan fanko. Danshin da ke cikin iska, musamman da damina, yana zama raɓa a bangon tanki, ya gangara ƙasa tun da ruwa ya fi fetur nauyi, ya haifar da tsatsa, tsatsar ta taru a ragar da ke bakin bututun zuƙo. Fetur ɗin jarka na 'yan bumburutu yana ƙara nasa dattin. Mazauna Abuja ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida. Metanol yana janyo ruwa, yana kuma cin roba da irin ƙarfen da ake ƙera tsofaffin kafiretoci da shi.

Zango na biyu shi ne tiyo, inda tawa ta kwanta. Tsakanin tanki da famfo fetur zuƙarsa ake yi, don haka tsaga a wannan ɓangare ba lallai ta zubar da komai ba. Iska za ta shiga, famfo ya riƙa tura kumfa. Tsakanin famfo da kafireta kuwa turawa ake yi, tsaga a nan tana fesa fetur a kan inji mai zafi, abin da ke ƙone mota ƙurmus. Tiyon da ya taurare, ko ya kumbura, ko ya yi laushi kamar danƙo, ya gama aiki. A kula kada a maye gurbinsa da tiyon ruwa, domin fetur yana narkar da shi daga ciki, ɓarɓashin ya tafi ya toshe allura.

Na uku filta ce, mafi araha a cikin kayan, wadda kuma aka fi mantawa da ita. Irin ta roba mai haske tana nuna dattin da ke cikinta. A jikinta akwai kibiya da ke nuna inda fetur ya dosa, kuma na taɓa ganin an ɗaura ta a juye. In ta toshe, sauyawa ake yi. Abin da wasu ke yi na cire ta gaba ɗaya su haɗa tiyo kai tsaye gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin tsatsar da take tarewa za ta wuce zuwa jet. In sabuwar filta ta cika da jan gari cikin mako biyu, tanki ne ke buƙatar a sauke a wanke.

Na huɗu famfon fetur. A irin waɗannan motoci inji ne da kansa ke motsa shi, ta wani hannu da ke danna faifan roba sama da ƙasa. Ana gwada shi inji na sanye, a fili, babu sigari kusa, abin kashe gobara a hannu, wanda dama jami'an FRSC ke tambaya a hanya. A cire wayar koyil don kada wuta ta yi tartsatsi, a zare tiyon da ke shiga kafireta a sa bakinsa cikin kwalba mai haske, wani ya murza makulli na daƙiƙa goma. Lafiyayyen famfo yana tunkuɗo fetur da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ɗiga yake yi ko kumfa, matsalar tana famfon ko bayansa. A bar kwalbar ta natsa, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, tsatsa ma za ta nuna kanta. Sannan a zaro gejin baƙin mai a shinshina. In yana warin fetur ko ya haura alamarsa, faifan robar ya fashe, fetur na gangarawa cikin inji yana tsinka baƙin mai. Wanda ya ci gaba da tuƙi a haka, inji zai saya.

A nan ne ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa. Famfon asali ya yi wuyar samu, sai a ɗaura na lantarki da aka ciro daga motar injekta. Kafireta tana buƙatar ɗan matsi ne kaɗan, injekta kuwa tana aiki da kusan ninki goma na wannan matsi. Allura ba za ta iya tare shi ba, ƙoƙo ya tumbatsa, fetur ya kwarara cikin inji, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, sai a sake cewa kafireta ce. In dole sai na lantarki, a nemi mai ƙaramin matsi da aka ƙera don kafireta, a haɗa shi da fiyus, ta yadda zai tsaya idan inji ya tsaya.

Akwai matsalar da ba ta bayyana sai da zafin Maris da Afrilu, a cunkoson Mararaba ko na shataletalen Berger. Fetur yana fara tururi a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. In bututu ya bi kusa da bakin salansa, ko famfo ya ɗauki zafin inji, fetur ya zama tururi a cikin hanya, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Motar ta mutu a cunkoso, ta ƙi tashi, bayan minti ashirin ta tashi da kanta. Tsofaffin direbobi kan ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, in ta tashi da wuri sun san ciwon. Maganin dindindin shi ne a nisanta bututu daga zafi, a mayar da katangar da ke tsakanin famfo da inji in an cire ta, a kuma duba lagireto, domin injin da ke yawan zafi shi ke haddasa wannan.

Sai an wuce duk waɗannan ne ake isowa ga kafireta, kuma ba na cewa ba ta laifi. Allura kan cinye ko datti ya tokare ta. Fulot kan huje ya nutse. Jet ɗin silo kan toshe, motar ta riƙa mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Gasket ɗin gindinta kan shaƙi iska, cok kan maƙale a rufe. Fulogi yana ba da labari: baƙi mai kunkunniya fetur ya yi yawa, fari fat fetur ya yi kaɗan, launin ƙasa mai haske gauraya ta daidaita. Jet da iska ake busa shi bayan an wanke. Wanda ya tsokane shi da waya ya faɗaɗa ramin, motar ta koma shan fetur har abada. Tun bayan cire tallafi kuma na ga masu neman a matse musu jet domin rage sha. Gaurayar da fetur ya yi ƙaranci tana ƙara zafin inji, tana iya ƙone bawul, direba kuma ya riƙa taka totur har ƙasa don ya sami ƙarfin da ya rasa. Abin da aka tara a gidan mai sai a mayar da shi gareji da riba.

Akwai halaye uku da ya kamata a bari ko da mota za ta kwana a titi: zuƙo fetur da baki, zuba fetur a maƙogwaron kafireta ana murza makulli, da ajiye jarka a saman mota ko a kujerar gaba a ja tiyo zuwa inji. Fetur ɗin da ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti. Inji kuwa yana iya yin atishawar wuta ta kafireta, ta kama galan ɗin da ke hannun mai zubawa.

Adalci ne a saurari masu cewa duk wannan wahalar banza ce. Gaskiya ne motar kafireta ta fi ta injekta sha da hayaƙi, dalilin da ya sa dokokin hayaƙi suka kore ta daga sabbin motoci a Turai da Amurka tun farkon shekarun 1990. Wanda ke da halin sauyawa ya sauya. Amma ma'aikacin da ke kai 'ya'ya makaranta daga Masaka da motar da ya gada, shawarar ya sayi sabuwa ba ta amfane shi da komai. Abin da zai amfane shi shi ne kada ya biya kuɗin gyara sau uku a kan tiyo ɗaya.

Adalci ne kuma a ji ta bakin kanikawa, domin laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mu masu mota ba ma biyan kuɗin bincike. Bakaniken da ya shafe awa guda yana bin bututu ya gano tsagaggen tiyo, za mu ce ai ɗan abu ne, mu miƙa masa kuɗin shan ruwa. Wanda ya kwance kafireta ya baje kayanta a kan tire, mun ga aiki da idonmu, mu biya ba musu. Mu muka koya musu cewa kwancewa ta fi tunani kawo kuɗi. Ga shi kuma masu wannan sani suna tsufa, yaran garejin Apo sun fi karkata ga na'urar da ake jonawa a mota ta karanto laifi, tsohuwar 504 kuwa ba ta da inda za a jona. Hukumar NADDC da ƙungiyar kanikawa ta NATA za su kyauta idan horon da ake ba matasa ya riƙe wannan hanyar bincike mataki bayan mataki, domin ita ce ke aiki ko a motar zamani idan na'ura ta nuna alama ba ta nuna sanadi ba.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin yadda ake neman fayil ɗin da ya ɓata. Ba a fara tuhumar teburin ƙarshe. Daga rajista ake farawa, a bi shi ofis bayan ofis har a ga inda ya kwana. Wannan haƙurin nake roƙon mu kai gareji. Kafin ka bari a kwance kafireta, tambayi bakanike ko ya gwada wuta, ko ya ga abin da famfo ke turowa a kwalba, ko ya duba tiyo da filta da marfin tanki. Faɗa masa daidai lokacin da motar ke mutuwa: a hawa ne, a cunkoso ne, ko da sanyin safiya. Yi ciniki da shi a kan kuɗin bincike daban da na kaya tun kafin ya fara, ka kuma karɓi duk abin da aka cire. Kafireta ta asali da aka cire mini tana nan a kwali a gida, dattijon ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau. Ranar Asabar mai zuwa zan kai masa ya mayar da ita gurbinta.